An gogar min mota a wajen fakin, sai na sake fenti ko akwai dabara?

Mai_Corolla:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ajiye mota na shiga sayayya, ko minti ashirin ban yi ba na fito na tarar wani ya gogar min ƙofar baya ya yi gaba abinsa. Ƙofar ta ɗan lotsa kamar faɗin tafin hannu ga wani dogon layi ja-ja har wajen taya, motar silba ce Corolla 2010. Na kai wa wani falanbita ko taɓawa bai yi ba ya ce sai an fesa gefen gaba ɗaya, ni kuma hankalina bai kwanta ba dan fentin kamfani ne a jikinta ba a taɓa yi mata ba. Dan Allah masu sani ku ba ni shawara.

Tsohon_Mai_Fenti:
Wa alaikumussalam, Allah ya kiyaye gaba. Malam kar ka yi gaggawa, jan layin nan da kake gani wataƙila ma fentin ɗayar motar ne ya manne a kan taka, in aka sa kwamfawun, wato man goge fentin mota, a tsumma mai laushi aka murza zai fita.

Fentin mota hawa-hawa ne, akwai firaima a kan ƙarfe, sai kalar, sai wani mai sheƙi kamar gilashi a sama wanda muke ce wa kiliya, kuma dukansu in ka haɗa ba su fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. To ka wanke wajen ka zuba ruwa, in karcen ya ɓace lokacin da yake jiƙe a kiliya ya tsaya, folish kawai yake so. Sannan ka ja farcenka a kai, in farce ya maƙale ya yi zurfi. In kana hango fari-fari ko toka-toka an kai firaima, in kuwa ƙarfe ne tsirara to wannan shi ne abin sauri dan tsatsa ba ta jiran ka tara kuɗi, tana shiga ƙarƙashin fenti ta riƙa ɗago shi kamar ƙuraje.

Ɗan_Gareji:
Ni fa man goge baki nake sawa wlh kuma yana yi 😂 lotsawar kuma ka kwara mata tafasasshen ruwa ka tura ta baya

Tsohon_Mai_Fenti:
Yaro man goge baki sai karcen da ido ma da ƙyar yake gani. Ruwan zafi kuma na bamba ne dan ita roba ce tana laushi, ƙofar ƙarfe ko tukunya goma ka juye mata tana nan yadda take.

Direban_Dare:
Oga ni lotsawar ce zan yi magana a kai dan na taɓa ƙonewa. In fentin wajen bai tsage ba kuma ba a kan kaifin layin ƙofa take ba, nemi masu cirewa ba tare da fenti ba, suna cire murfin ƙofar ta ciki su zura sandunan ƙarfe suna turowa a hankali suna kallo da fitila, wani lokaci kuma gam suke mannawa ta waje su ja. Tawa wani ya sa mata wuta ya bubbuga sannan ya lafta fila, wato abin da ake cike lotsawa da shi, kamar mai yaɓen ɗaki, ranar da na karɓa sai sheƙi take ina ta murna, bayan shekara ɗaya wajen ya tsattsage, na ɗora maganaɗisu ya ƙi kamawa saboda kaurin filar. Fila ta gyara fuska ce kawai, in ta wuce milimita 3 aikin bugun ne ba a yi ba.

Mai_Corolla:
Na gode ƙwarai. Baba na gwada yanzu, jan ya fita kusan duka, sai wani waje kamar tsawon yatsa kusa da taya farce na maƙalewa kuma ina ganin ƙarfe.

Tsohon_Mai_Fenti:
To ka gani. Buɗe ƙofar direba ka duba sitikar da ke jikin ginshiƙin, inda aka rubuta C/TR lambar da ke biye ita ce kalar motarka, silbar Corolla ta waɗannan shekarun galibi 1F7 ce amma ka duba taka. Da lambar za a haɗa maka ɗan fenti, a goge wajen tsaf a sa firaima ta bushe, sannan ka riƙa ɗiga kalar da tsinke kaɗan-kaɗan kana bari tana shan iska, kiliya a ƙarshe. Zai ɗan nuna in mutum ya sunkuya, ba zan ɓoye maka ba, silba tana da wuyar dacewa saboda ƙyalƙyalin alminiyon da ke cikinta, shi ya sa mai fesawa yake so ya shiga ƙofar kusa dan ya saje kalar, kaga falanbitan naka ba ƙarya zalla ya yi ba. Amma a fara cire lotsawar tukuna kafin ka ɗiga komai.