Me ya sa ake ɗaukar 'yan sama jannati a gadon marasa lafiya in sun dawo?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Masana a taimaka. A Maris na 2025 an nuno Sunita Williams da Butch Wilmore sun sauko bayan kwana 286 a tashar sararin samaniya ta ISS, sai ga shi an ɗora su a gado ana turawa. Mutanen da aka zaɓo saboda ƙoshin lafiya, me ya same su a can?

Likita, Rafindaɗi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ciwo ya kama su ba, ƙa'ida ce ga duk wanda ya daɗe a can. A nan duniya nauyi yana jan jini zuwa ƙafafu, zuciya da jijiyoyi kuma kullum suna turo shi sama. A tashar babu wannan jan, sai kusan lita 2 na ruwan jiki ya taso daga ƙafafu zuwa ƙirji da kai. Fuska ta kumbura, hanci ya toshe, ƙafafu su sirance. Jiki ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, cikin 'yan kwanaki ya rage ruwan jini da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Ranar saukowa nauyi ya dawo gaba ɗaya, ɗan jinin da ya rage ya gangara ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshe, sai jiri, wani har ya suma. Haka muke gani a asibiti in majinyaci ya yi makonni kwance ya miƙe farat ɗaya. Shi ya sa kafin su sauko suke haɗiyar ƙwayoyin gishiri da ruwa mai yawa, su sa wando mai matse ƙafafu. Ga kuma cikin kunne, mai daidaita tsayuwa, ya manta ina ne ƙasa. Juya kai kawai yana iya tayar da amai.

Mai gashin ƙashi, Daura:
Likita ya yi bayanin jini, amma jini kwanaki kaɗan ne ya koma daidai. Abin da ya fi damuna ƙashi ne. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi zaizayewa yake: na ƙugu da gadon baya kan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari duk wata. Kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, in ya fita ta fitsari yake bi, daga nan tsakuwar ƙoda ke samun hanya. Don haka kusan awa 2 kullum suna motsa jiki: gudu kan na'ura an ɗaure su da majanyi mai janyo su ƙasa, tuƙa keke, da injin ARED da ke kwaikwayon ɗaga ƙarfe. Bayan saukowa NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na ba su horon farfaɗowa na kwana 45. Tsoka kan dawo cikin watanni, ƙashi kuwa yakan haura shekara, wani ma ba ya cikewa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Ke nan da motsa jiki za a iya zuwa duniyar Mars lafiya?

Likita, Rafindaɗi:
Da sauran rina a kaba. Valeri Polyakov na Rasha ya yi kwana 437 a tashar sararin samaniya ta Mir daga 1994 zuwa 1995, ya nuna jiki na iya jure tsawon tafiyar. Amma shi yana kusa da gida. ISS ma kilomita 400 ce kawai sama da mu, cikin garkuwar maganaɗisun duniya, duk da haka burbushin radiyeshin, wato haske mai cutar da jiki, da mutum ke sha a wata 6 ya ninka na shekara guda a ƙasa sau da yawa. Hanyar Mars babu wannan garkuwa, kuma gudu ba ya maganin haɗarin ciwon daji. Wasu kuma ganinsu na raguwa saboda ruwan da ya taru a kai yana danne bayan ido. Tafiyar wata 6 zuwa 9 ce, in sun isa babu mai jiransu da gado, saƙo zuwa likita a duniya kuma yana iya ɗaukar minti 20 kafin ya iso.