Musayar Waƙa: Ina OH Ya Zauna?

Ɗaliba:
Sallama gare ku ma'abota sani,
Wata tambaya ce ta hana ni barci jiya.
Sinadaran furofanol biyu, kabon uku-uku,
Haidirojin takwas-takwas, oksijin ɗaya-ɗaya.
Wannan sai digiri 97 yake tafasa,
Wancan a 82 ya tashi, ina gaskiya?

Tsohon ɗalibi:
Ƙanwata, kayan jikinsu iri guda ne,
Mazaunin OH, rukunin oksijin da haidirojin, kaɗai ya bambanta.
A na farko, furofan-1-ol, bakin sarƙar kabon ya kama,
A na biyu, furofan-2-ol, tsakiya ya je ya kwanta.
Kabon biyu sun sa shi a tsaka,
Riƙonsa da maƙwabta sai ya ƙaranta.

Sabon shiga:
Ni ma, Yaya, na zana nawa,
Na kai OH can kan kabon na uku.
Furofan-3-ol na raɗa masa,
Sabon sinadari ne na kawo muku!

Malam:
Yaro, juya takardar taka,
Ƙirgo daga dama ka sha dariya.
Ukun nan naka riga ya sauya,
Ɗaya ne dai, ba wata tankiya.
Dokar IUPAC, masu tsara sunayen sinadarai: ƙaramar lamba
Ita ake ba rukuni gaba ɗaya.

Ɗaliba:
Allah ya gafarta Malam, ban da tafasa,
Da me zan gane su in an haɗa ni da su?

Malam:
'Yata, kawo dikuromet mai asid,
Ɗiga wa kowanne, ki ɗan ɗumama su.
Launin ruwan lemo zai rikiɗe ya koma kore,
A nan kam ba ki isa ki raba su.
Abin da suka haifa shi za ki duba,
'Ya'yan ne ke tona asirinsu.
Na baki ya haifi aldihaid, furofanal,
A ƙara wuta, asid ne ƙarshensu.
Na tsakiya asiton ya bayar, kiton,
Mai goge jan farcen nan da kuka san su.
Zuba ruwan Tollens, ki zura ido,
Aldihaid zai shafe kwalba da azurfa,
Kiton ko gezau, haka halinsu.

Sabon shiga:
To Malam, na tuba da batun uku,
Furofan-1-on fa, ko shi ma babu?

Tsohon ɗalibi:
Kabonil, rukunin C=O, in ya zauna a baki
Aldihaid ne, ƙanena, kiton babu.
Furofanal ka sake zanawa,
Goge allon, yau sabo babu.