Turka ko shanun haihuwa: wanne zai fitar da ni?

Abban Sadiya, daga Gaya:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a harkar shanu. Na ajiye aiki, an biya ni kuɗin sallama, na ware wani kaso zan sa a kiwo. Ina da fili kewayayye a bayan gida, da rijiya, da gonar da nake noma dawa da wake da gyaɗa, don haka kara da harawa ba za su gagare ni ba a farkon rani. Ƙanina ya ce in shiga Wudil ranar Juma'a in sayo bijimai ramammu in ɗaure, in fitar da su kafin babbar Sallah. Surukina kuwa ya ce karsana zan saya in bar su su hayayyafa, wai turka cin kuɗi ce kawai. Kuɗin ba zai ɗauki duka biyun ba, kuma ba ni da yaron kora, yarana duk suna makaranta. Wanne kuka gani?

Ɗan Bichi mai turka:

Wa alaikumus salam Baba. Tunda ka ce ba ka da mai kora, ai ka riga ka amsa rabin tambayar. Saniyar da za a ɗaure a turke ana saya mata dusa shekara da shekaru, kafin ɗanta ya kai sayarwa ta cinye kuɗinsa. Turka kuwa wata uku zuwa huɗu ne, kuɗinka ya dawo hannunka.

Amma ka sani, ribar turka ranar saye ake samunta. Ka nemi sa mai dogon jiki da faɗin ƙirji wanda yunwa ce ta ramar da shi, ba cuta ba. Ka buɗe bakinsa da kanka, kada ka bar wa dillali. In ya fitar da manyan haƙora biyu zuwa huɗu, shi ne daidai. Wanda haƙoransa suka side tsoho ne, zai ci bai nuna ba. Ka duba hancinsa da danshi, ka tsaya har ka ga yana tuƙa, ka ga kashinsa. Ni a irin shanu Bokolo na fi so saboda sanyin hali, yana tsayawa a turke ya ci ya kwanta. Rahaji dogo ne mai cika ido, amma ɗan daji ne, ɗauri na damunsa.

Sai abinci, wanda shi ke karya mutane. Dusar masara, dusar alkama, kowar wake (ɓawon da ke saura bayan sussuka), angurya, duk da kaka za ka saye su ka zuba a ɗaki. Wanda ya bari sai bazara yana auno dusa da kwano, wa mai dusa yake yi wa kiwo. Kuma kada ka rataya komai a kan Sallah. Gaskiya ana haɗa kuɗi mutum bakwai a yanka sa, amma kasuwar ta raguna ce, kuma kowa lokacin yake fito da nasa. Mahauta da masu lodin Kudu suna saye duk mako, a Wudil, a Maigatari ranar Alhamis, a Potiskum ranar Laraba. Ranar da sa ya cika, sayar da shi, duk kwanan da ya ƙara daga aljihunka yake ci.

Maman Jaɓɓe:

Ni dai ina bayan surukinka, Baba, ko da yake da sharaɗi. A rugar kakannina na tashi, kuma abin da masu turka ba sa faɗa shi ne: ka sayar da sa, turke ya zama wayam, sai ka koma kasuwa ka sayi wani a farashin yau. Saniya kuwa tana nan. Ga nono, ga mai, ga takin gona, ga maraƙi a bayanta. In ta haifi mace, garke ya fara.

Sai dai haƙuri take so. Cikinta wata tara ne, saniya irin Bunaji kuma ba ta cika haihuwar fari ba sai ta kai shekara uku zuwa huɗu, kuma a kiwon daji ba kowace shekara take haihuwa ba. In kuɗin cefane kake nema, ba nan ba ne. In za ka saya, ka sayi mai ciki ko mai ɗa a gindi, ka ba amintaccen makiyayi riƙo, ku yi magana a gaban shaidu kan nono da abin da aka haifa. Ka kuma yi tunanin ɓarayin shanu, don su suka raba mutane da yawa da garkensu a Zamfara da Katsina.

Malamin dabbobi:

Duk wanda ka zaɓa, Alhaji, sabon sa daga kasuwa a ware shi mako biyu kafin ya haɗu da na gida. A ba shi maganin tsutsar ciki da na hanta, a kashe kaska, a yi rigakafin ciwon huhu da boru (ciwon baki da kofato). Kada a cika masa dusa ranar farko, a fara da harawa a riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan, in ba haka ba cikinsa zai kumbura. Sa guda ya mutu cikin huɗu, ribar sauran ta tafi. A kuma kula da shanun cikin gari, da yawa tumbinsu cike yake da leda.

Abban Sadiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da bijimai, in Allah ya sa albarka in sayi saniya mai ciki da ribar. Ɗan Bichi, harawata ba za ta wuce wata biyu ba. A wajenku ina ake samun kowar wake da sauƙi?

Ɗan Bichi mai turka:

A ƙauyukan da ke kewaye da kai, Baba, wajen matan da ke sussukar wake. Ka kai musu buhuna tun yanzu, ka ajiye a kan katako kada sanyin ƙasa ya taɓa ta.