Waya ce ta kwashe mutane daga majami'a?

Dattijo Illiya: Jama'a, jiya Lahadi benci na baya duk wayam suke. Tun 2020 da aka rufe masallatai da majami'u a nan Nijar saboda korona, mutanenmu suka koyi sujada a kan katifa. An buɗe tun watan Mayu na shekarar, amma wasu har yau ba su dawo ba. Waya ta cinye mu.

Rahila: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Mutum nawa ne a unguwannin Bukoki ko Talaje na nan Yamai ke da kuɗin intanet na kallon wa'azin awa biyu a Facebook? Ga zafin Afrilu, ga ɗauke wuta, batir ya mutu kafin fasto ya gama karatun farko.

Dattijo Illiya: To ina matasan suke, 'yata?

Yohanna: Ga ɗaya nan, Baba, daga Abijan nake rubutu. Masu zama benci na baya ai mu ne, ci-rani ya fitar da mu. Wasu na Libiya, wasu na Aljeriya, inda samun majami'ar Hausa sai an tona. Saƙon murya da Rahila ke turowa a WhatsApp, waƙoƙin zumuntar mata da wa'azi, shi nake saurare da daddare bayan na rufe tebur. Baikona na majami'a kuma ta kamfanin tura kuɗi na Nita nake aikowa. A tambayi ma'aji.

Mama Saratu: Yohanna ɗana, kai uzurinka a fili yake. Amma akwai waɗanda ke nan Yamai, lafiyarsu lau, suna bin fastocin Legas da Abuja a YouTube, su ce namu ba shi da wuta. Ranar da uwarsu ta kwanta asibiti, wa ya kai mata fura? Na YouTube ɗin? A Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a garin nan, a ƙarƙashin rumfa muka yi sujada, warin toka na bugun hanci, kuma wurin ya cika.

Rahila: Nan kam Mama kin taɓo inda ke ciwo. Sai dai a sa kuɗin taksi a lissafi. Mai 'ya'ya huɗu daga Harobanda, sai ya ƙetaro gada zuwa da dawowa.

Dattijo Illiya: Jibin Ubangiji dai, gurasa da ƙoƙon da muke rabawa a majami'a, ba a cin sa ta waya, baftisma ma haka.

Yohanna: Ba wanda ya musa, Baba. Amma don Allah kada a hana Rahila ɗaukar muryar, na ji an ce za a kai maganar gaban dattawa.

Dattijo Illiya: Ran Asabar za mu zauna. Rahila, ki zo da sunayen waɗanda kike tura wa, mu ga nawa ne ke cikin gari.