Taƙaitawa: sabobi da yawa a kan fot ɗaya

To jama'a maganar da ake yi kan yadda za a sa sabobi (server) da yawa a kan fot ɗaya a kwamfuta ɗaya ta yi tsawo, ga abin da na tsinto a ciki.

1. An yarda manhajoji biyu ba za su kama fot 80 (ƙofar da buƙatun shafukan yanar gizo ke shigowa ta ciki) a adireshin IP ɗaya lokaci guda ba, ta biyun za ta ƙi tashi ta ce "Address already in use".

2. Abin da akasari suka ba da shawara: a sa Nginx ko HAProxy a gaba a matsayin proxy (mai karɓar buƙata ya miƙa wa saba), shi kaɗai ya riƙe fot 80 da 443 (fot ɗin HTTPS), sauran sabobin a mayar da su 8080, 8081 a kan 127.0.0.1 (adireshin cikin kwamfutar kanta), shi kuma ya duba sunan domen ɗin da aka nema ya miƙa wa wadda ta dace. Ni ma nan na fi karkata gaskiya. Amma kar a manta X-Forwarded-For (bayanin da proxy ke miƙa wa saba ainihin IP ɗin baƙo a ciki), in ba haka ba duk baƙi za su fito da IP ɗin proxy.

3. An rabu kan HTTPS. Wasu sun ce satifiket ɗin HTTPS ya zauna a kan proxy ɗin gaba, wasu kuma suka ce a duba SNI (sunan domen da burauza ke aikowa a farkon haɗin HTTPS) a wuce da saƙon a rufe zuwa sabar da ta dace.

4. Mai IP biyu kowace saba ta ɗauki nata.

5. SO_REUSEPORT na Linux (saitin da ke kauce wa dokar lamba 1, ya bar manhajoji su kama fot ɗaya tare) raba kaya yake, baya duba domen.