Shin wayata tana sauraron hirata, kuma danna "Na amince" ya kashe mini bakin magana?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Makonni uku da suka wuce muna zaune da ƙanena yana ba ni labarin ciwon bayan da ya addabe shi, har ya ce yana tunanin canza katifa. Wayata tana ajiye a gefe, ban taɓa ta ba, kuma ban taɓa rubuta kalmar katifa a wurin bincike ba. Washegari da safe na buɗe wata manhaja da nake yawan amfani da ita, sai ga tallan katifa har sau uku a jere. Abin ya tsaya mini a rai, domin ruwa ba ya tsami banza. Da na nemi sharuɗɗan manhajar don in ga abin da na yarje mata, sai na tarar da rubutu mai tsawon gaske wanda na danna "Na amince" a ƙarƙashinsa shekarun baya ba tare da na karanta ko layi ɗaya ba. Tambayata kashi biyu ce. Shin waya tana sauraron hirar mutum a ɓoye don a tallata masa kaya? Sannan wannan dannawar da na yi cikin gaggawa, ta isa a ce na sallama haƙƙina, ba ni da sauran damar ƙorafi?

Mai Haɗa Manhaja ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki kashin farko, tunda ya shafi aikina. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern da ke Amurka sun gwada manhajojin Android fiye da 17,000, kuma ba su kama ko ɗaya tana kunna makirufo a ɓoye tana aika murya ba, sai dai sun tarar da wasu suna ɗaukar hoton abin da ke kan fuskar wayar suna turawa wani wuri. Wannan ba ya nufin tsoron naka ba shi da tushe. A 2019 ya bayyana cewa Apple yana ba wasu ma'aikatan kwangila guntayen muryoyin da Siri, mataimakin da ake yi wa magana a iPhone, ya naɗa don su saurara, ciki har da waɗanda aka naɗa bisa kuskure, kuma kamfanin ya nemi afuwa. Amma a ganina abin da ya fi kamata ya tayar maka da hankali shi ne ba sa ma buƙatar jin muryarka.

Wayar zamani tana ɗauke da wata lamba ta musamman da aka tanada don masu talla, kuma manhajoji da yawa suna aika wannan lambar tare da wurin da kake, da irin wayarka, da lokacin da ka buɗe su. Idan ƙanenka ya riga ya bincika katifa a tasa wayar, sannan ya zo kuka hau layin intanet ɗaya, ko kuma wayoyinku suka shafe sa'o'i a wuri guda, to na'urorin talla suna iya ɗaukar ku a matsayin mutanen gida ɗaya, su nuna maka abin da shi ya nema. A duk lokacin da shafi yake buɗewa a gabanka, ana yin gwanjon gurbin tallan da za ka gani kafin ƙiftawar ido, kuma bayananka ne ake shelantawa ga masu tayi don su san nawa za su saka. Akwai kuma dillalan bayanai waɗanda ba ka taɓa jin sunansu ba, sana'arsu kawai su tattara daga nan da can, su haɗa, su sayar.

Kamfanoni sukan kare kansu da cewa sun cire sunan mutum daga bayanan, amma wannan kariyar ba ta da kauri. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan bayanan wayar mutum miliyan 1.5 ya nuna cewa sanin wurare huɗu da lokutan da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Dalilin a fili yake: wa zai kwana a gidanka kowane dare, ya kuma wuni a wurin aikinka, in ba kai ba? A watan Janairun 2018 manhajar motsa jiki ta Strava ta shiga bakin duniya saboda taswirar da ta fitar ta hanyoyin da masu amfani da ita suke gudu ta tona fasalin wasu sansanonin soja, alhali babu sunan kowa a jikinta.

Abin da zan ba ka shawara ka yi yau shi ne ka shiga saitin wayarka, wurin izini, ka duba waɗanne manhajoji ne ke da damar makirufo, kyamara, wurin da kake da jerin lambobinka. Sababbin wayoyin Android da iPhone suna nuna ɗan ɗigo mai launi a saman fuska duk lokacin da makirufo ko kyamara ke aiki, don haka idan ka ga ɗigon alhali ba ka kira ba ka ɗaukar hoto, ka bi sawu.

Dattijon Zaure ya rubuta:

Ni kam ina ganin muna ɗora wa kamfanonin nan laifin da rabinsa namu ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutum yana aika saƙo, yana kiran bidiyo, yana ajiye dubban hotuna, yana neman hanya a taswira, duk ba a karɓi ko kwabo a hannunsa ba, alhali injinan da ke ɗauke da wannan aiki da ma'aikatan da ke kula da su kuɗi suke ci. An rubuta sharuɗɗa, an ajiye a gabanka, ba a ɗaure hannunka ba. Idan ba ka karanta ba, sakacinka ne, kuma idan ba su yi maka ba, ƙofa a buɗe take ka goge manhajar.

Ɗalibar Shari'a ta rubuta:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma. Na yarda da kai cewa babu hidimar da ke tafiya ba kuɗi, kuma talla a kanta ba laifi ba ce. Inda zan nemi izinin saɓa maka shi ne batun cewa an ajiye sharuɗɗa kuma ba a ɗaure hannun kowa ba. Masu bincike biyu a Jami'ar Carnegie Mellon sun ƙiyasta a 2008 cewa idan mutum zai karanta manufofin sirri na shafukan da yake ziyarta, zai ɓatar da fiye da sa'o'i 200 a shekara, kuma wannan ƙiyasi an yi shi ne tun kafin wayoyi su cika da manhajoji. Sharaɗin da aka san ba mai iya karantawa, aka kuma rubuta shi da harshen lauyoyi, aka hana ka gyara ko kalma ɗaya a ciki, da wuya a kira shi yarjejeniya tsakanin mutum biyu. Ita ma ƙofar da ka ce a buɗe take, ba ga kowa take buɗe ba. Wanda makarantar 'ya'yansa, da wurin aikinsa, da bankinsa duk suka koma kan manhaja, idan ya goge ta ya yanke kansa ne daga harkokin rayuwarsa.

Saboda haka ne dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ƙi ɗaukar kowace irin dannawa a matsayin amincewa. Ta ce sai amincewar ta kasance bisa zaɓi, a kan abu ayyananne, bayan an yi wa mutum bayani, kuma janye ta ya zama da sauƙi kamar bayar da ita. Ta ba mutum damar neman kwafin bayanan da aka tara a kansa a amsa masa cikin wata ɗaya, da damar neman a gyara ko a goge, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya na shekara guda. An kuma yi aiki da wannan fahimtar a aikace. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin tarar Google yuro miliyan 150 da Facebook yuro miliyan 60, kuma laifin shi ne sun sa karɓar kukis, wato alamomin da shafi ke dasawa don ya gane ka, ya zama dannawa ɗaya, ƙin karɓa kuwa sai an sha zagaye. A Amurka ma, Google ya yarda a 2022 ya biya jihohi 40 dala miliyan 391.5 kan zargin cewa ya ci gaba da tattara bayanan wurin da mutane suke bayan sun kashe maɓallin da suka ɗauka shi ke hana hakan.

Akwai kuma waɗanda ba su danna komai ba. A badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfanin nazarin bayanai don yaƙin neman zaɓe, mutum kusan 270,000 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyi a Facebook, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan abokansu, har Facebook ya ce adadin zai iya kai miliyan 87. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. Waɗancan miliyoyin, wace rariya suka saya?

Amsata ga Malam Mai Neman Sani ita ce dannawarka ba ta kashe maka bakin magana ba. Ƙasashe da yawa yanzu suna da dokar kare bayanai da hukumar da ke karɓar ƙorafi, kodayake ƙarfinsu ya bambanta ƙwarai. Ka fara da rubuta wa kamfanin ta adireshin da ke ƙarshen manufar sirrinsa, ka nemi abin da suka tara a kanka da waɗanda suka bai wa, ka ajiye kwafin wasiƙar da ranar da ka aika.

Mai Gyaran Waya ya rubuta:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan ƙara da abin da nake gani a kan teburin aikina, domin batun bai tsaya ga sirri ba, ya kai ga tambayar ko abin da ka saya da kuɗinka naka ne. Sau da yawa akan kawo mini waya lafiyarta ƙalau, batir kawai ya gaji, amma an manne shi da gam ta yadda cire shi sai an gasa bayan wayar, kuma a wasu wayoyin ko ka saka sabon kayan gyara mai kyau sai saƙo ya riƙa fitowa cewa ba a san wannan ɓangaren ba. Mai waya ya ji tsoro, ya ce gara ya sayi sabuwa. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin iPhone masu raunin batir don kada su riƙa mutuwa ba zato, kuma a 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Da an gaya musu, da yawansu batir kawai za su canza.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wayar da kamfani ya daina aika mata gyaran tsaro. Tana kira, tana ɗaukar hoto, amma duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe za ta zauna, kuma a cikinta mai ita yake shiga asusun bankinsa. Tun daga 20 ga Yuni, 2025, Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da sababbin wayoyi a kasuwarta su samar da kayan gyara na shekara 7 da sabunta manhajar waya na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Ina fatan sauran duniya ta ci albarkacin wannan, domin kamfani ba ya cika ƙera waya daban don kowace nahiya. Kayan da ba a riƙewa a hannu kuwa lamarinsu ya fi muni: a 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan intanet, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa. An mayar musu da kuɗinsu, amma a ranar suka gane cewa izinin karatu suka saya.

Roƙo ɗaya gare ku duka: kafin ku miƙa wa irinmu waya, ku kwashe hotuna da saƙonninku, kuma kada ku ba da lambar buɗewa sai idan gyaran ba zai yiwu ba sai da ita. Masu amana suna da yawa a cikinmu, amma ba a gane su a fuska.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, har da Baba Dattijo, domin gaskiya ne ban karanta ba. Na bi shawarar Malam Mai Haɗa Manhaja na duba izini, na tarar da manhajoji 14 suna da damar sanin wurin da nake, ciki har da ta tocila da wani wasa da 'yata ta sauke, kuma duk na rufe su in ban da taswira. Na tambayi ƙanena, ya ce lallai ya kwana biyu yana duba katifu a wayarsa kafin ya zo wurina. Abin da ya rage yana damuna shi ne jerin lambobi. Manhajoji biyar na bai wa damar karanta shi, kuma a ciki akwai lambar mahaifiyata, da likitana, da mutanen da suka ba ni lambarsu bisa amana. Idan na rufe izinin yanzu, abin da aka riga aka kwasa zai goge?

Mai Haɗa Manhaja ya rubuta:

Ba zai goge da kansa ba, Malam. Rufe izini yana hana kwasa ta gaba ne kawai, kuma ko goge manhajar daga waya ba ya taɓa abin da ke ajiye a injinan kamfanin. Ka shiga saitin asusunka a cikin kowace ɗaya daga cikin biyar ɗin, ka nemi wurin da ake cire lambobin da aka ɗora, domin manyan manhajojin zumunta suna da shi, sai dai sukan binne shi can ciki. Wadda ba ka sami wannan wurin a cikinta ba, ka saka buƙatar goge lambobin a cikin wasiƙar da Malama ta ce ka rubuta, kuma ka yi hakan kafin ka rufe asusun, saboda bayan rufewa zai yi maka wuya ka tabbatar musu cewa kai ne mai shi.