Turaren lemu mai haɗin citta da masoro: me ya sa lemun ke saurin gudu?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana turare a cikinku.

Ƙanwata ce ta ba ni wani turare, a jikin kwalinsa an jera bargamot (wani irin lemu), lemun tsami, citta, kadamon, masoro da itacen sida. Ni da ma ma'abociyar turare mai nauyi ce, irin su oud da miski, to amma wannan ya shiga raina. Da na fesa, sai ka ce na soka farce a ɓawon lemu ruwan nan ya fantsamo min a hanci, har da ɗan ɗacin nan nasa. Da safe in zan fita aiki babu abin da ke wartsakar da ni kamarsa.

Matsalar ita ce lemun ba ya zama. Kafin in isa ofis ya yi sallama, sai citta da kadamon su fito, ƙamshi mai ɗan yaji amma da sanyi-sanyi. Zuwa azahar kuwa sai na kai wuyan hannuna hanci nake jin wani busasshen ƙamshin itace. Shi ma ina son sa, ba ƙarya, amma don lemun na kamu. Shin jabu ne aka sayar mata, ko haka irinsu suke? Kuma akwai dabarar da zan sa ya daɗe ba tare da na cika wa abokan aikina ɗaki ba? Mu da yawa ne a ɗaki ɗaya, tagar ma ba kullum ake buɗe ta ba.

Abu Sadik

Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan ba alamar jabu ba ce. Ko nawa aka sayi turaren lemu, haka halinsa yake.

Man lemu daga ɓawo ake matso shi, kuma akasarinsa wani sinadari ne mai suna limonin. A man lemun zaƙi yakan kai kashi 90 cikin 100. Ƙwayoyinsa ba su da nauyi, da sun ji ɗumin fata sai su bi iska. Abin da ya sa yake bugun hanci da ƙarfi a farko shi ne dai yake sa shi saurin ƙarewa. Tun asali ma haka aka san shi. Ruwan kolon da Johann Maria Farina ya fara haɗawa a birnin Kolon na Jamus a 1709 kusan duk lemu ne da ganyaye, ana shafawa a ji sanyi, in ya tafi a ƙara. Ba a yi shi don ya kwana a jiki ba.

Inda gwanintar mai haɗawa take shi ne abin da ya ajiye a bayan lemun, kuma a nan nake ganin naki an yi masa aiki da hankali. Ita citta tana ɗauke da sitral, sinadarin da ke cikin masu ba lemun tsami ƙamshinsa. Kadamon yana da wani sanyi mai buɗe hanci. Masoro kuwa a turare ba ya sa atishawa, domin man da ake tacewa daga gare shi ba ya ɗauko zafin, sai ƙamshi busasshe mai kaifi. Saboda haka idan lemun ya tashi, waɗannan ukun suke riƙe wartsakewar, hanci ya ci gaba da jin kamar da sauran lemu alhali ya tafi. Sanyi-sanyin da kika ce kina ji ke nan.

Shi ya sa ni ba na yanke wa irin wannan turare hukunci a minti goma na farko. A nan kusan duk daɗi gare su, har masu arha. Sai an yi awa biyu zuwa uku ake gane na kirki. Wani sai ya koma zaƙi mai hawa kai, wani ya koma kamar sabulu, wani kuma ya zauna tsaf a kan itace kamar yadda naki ya yi.

Anti Hajjo

'Yata, Malam ya gama bayani, ni dabara kawai zan ƙara. Busasshiyar fata ba ta riƙe turare, ki fara shafa mai marar ƙamshi kafin ki fesa. Sannan ki ɗan fesa a tufafi, don yadi bai kai fata ɗumi ba, lemun yakan fi jimawa a kai. Ki gwada a cikin kalmasa tukuna in yadin fari ne ko siliki, wani turaren yana barin tabo. Kar kuma ki riƙa murza hannu da hannu, yana kashe turare.

Batun ofis kuwa, ki yi hattara da hancinki. Yakan saba da ƙamshin da ke jikinki ya daina kawo miki rahoto, ke kina cewa ya tafi, na kusa da ke yana shaƙa. Kafin ki ƙara, tambayi wadda kike yarda da ita a ɗakin. In ta ce ba ta ji, to ki fesa sau ɗaya bayan azahar daga 'yar ƙaramar kwalbar jaka, ya wadatar.

Mai Haɗa Magani

Anti, a gafarce ni, murzawar ba kashe shi take ba, ƙwayar sinadari ba ta farfashewa da murza hannu. Ɗumi take ƙara wa fata, sai ƙamshin farko, wato lemun, ya ɗan fi saurin tashi. To ga mai neman lemu ya daɗe, shawararki tana nan daram, dalilin ne kawai ya bambanta.

Abin da na shigo faɗa shi ne batun rana, tunda da rana ake sa shi. Ɗanyen man bargamot, wanda mafi yawansa daga yankin Kalabriya na kudancin Italiya yake zuwa, yana da sinadarin bargaptin. In ya zauna a fata rana ta buga wurin, yana iya jawo ƙuna ko baƙin tabo mai daɗewa, galibi a gefen wuya inda aka saba fesawa. Manyan kamfanoni yanzu suna amfani da wanda aka cire masa sinadarin, ko su tsaya a iyakar da ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, ta gindaya, don haka turaren kwalba na kamfani ba abin tsoro ba ne. Wanda nake jan kunne a kai shi ne mai sayen zallan man bargamot ko na lemun tsami ya shafa kai tsaye ya fita.

Ajiya ma da muhimmanci. Man lemu ya fi sauran saurin lalacewa da haske da zafi, in ya juya sai ki ji yana wani tsami-tsami kamar fenti. A bar kwalbar cikin kwalinta a durowa, ban da bakin taga, ban da cikin mota.

Maman Ilham

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na tambayi maƙwabciyar teburina kamar yadda Anti ta ce, wai har la'asar tana jin sa duk lokacin da na gifta. Saura guda: nawa an rubuta Eau de Toilette. In na nemi Eau de Parfum ɗinsa, lemun zai fi daɗewa?

Abu Sadik

Da wuya, Hajiya. Gaskiya ne Eau de Parfum ya fi yawan mai, wajen kashi 15 zuwa 20, shi kuma irin naki 5 zuwa 15. Amma sau da yawa ba ƙara mai kawai ake yi ba, sake haɗin ake yi, a ƙara wa ƙamshin ƙarshe nauyi da anbar ko banila. Zai daɗe, sai dai abin da zai daɗe ɗin ba lemu ba ne. Ga rana da ɗaki a rufe, ni na fi son mai sauƙin.

In za ki ƙara wani nan gaba, duba irin kayan ƙamshin da ke ciki. Citta, kadamon da masoro suna tafiya da zafin rana. Kanumfari da girfa kuwa ɗumi gare su, in suka yi yawa suka haɗu da zufa sai su yi nauyi, gara a bar su sai dare ko lokacin sanyi. Ki shinshina Terre d'Hermès na 2006, lemu da masoro a kan saiwar jema, da Déclaration na Cartier na 1998, wanda kadamon ya fi fitowa a cikinsa. Dukansu Jean-Claude Ellena ne ya haɗa su. An rubuta na maza ne, amma mata da dama suna sa su, ni ban ga aibu ba. Sai dai shi Déclaration akwai kumin, wani kayan yaji, a ciki, a fatar wasu yakan fito kamar gumi, don haka a fata za ki gwada shi, ba a takardar gwaji ba, ki kuma ba shi awa uku kafin ki saya.